Takardar ƙunshi mai riƙe mai: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a kan takardar da muke so ta maye gurbin leda wajen ƙunshe ƙosai da tsire.

Shafen farko na sitacin rogo ne. Sitaci polima ne, wato abu mai dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa, idan ya bushe yana toshe ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zaren takarda, mai ya rasa hanya. Awon da ya zauna shi ne sitaci giram 5, ruwa mililita 100, gilisarin (wani ruwa mai kauri da ke sa shafen ya yi laushi) giram 1.5. A dama da ruwan sanyi tukuna, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Wajen digiri 65 zuwa 70 na ma'aunin Celsius farin zai washe, ya yi yauƙi. Wanda ya zuba garin cikin ruwan zafi kai tsaye, gudaji zai samu irin na kokon gaggawa.

Kada a raina gilisarin ɗin nan. In babu shi, shafen yana tsagewa daidai kan ninki, musamman da hunturu, kuma ta tsagar mai ke bi. In ya yi yawa sai ya ja laima, da damina takardun su manne da juna.

A shafa siriri da burushi sau biyu, na biyun a gicciye bayan na farko ya bushe. Takardar za ta nannaɗe ta fuskar da aka shafa. A fesa wa bayanta ruwa kaɗan, a danne ta tsakanin katako biyu. Gwaji: a ɗiga man gyada, a juya bayan minti 10. Duk inda tabo ya fito, nan burushi ya tsallake.

Ruwa kuwa sitaci ba ya iya masa, wannan aikin kakin zuma ne. Amma kaki yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, ƙosai daga kasko ya fi haka zafi. Don haka sitaci a ciki, kaki a waje: a gurza shi, a rufa da wata takarda, a bi da dutsen guga. A bar gefen da za a liƙe babu kaki, domin ƙaro ba ya kama shi.

Don Allah, sabuwar takarda mai ruwan ƙasa kawai. Tawadar tsohuwar jarida da ƙurar buhun siminti ba abokan abinci ba ne.

Saura matsalar tururi, wanda har yanzu yake tausasa sitacin idan aka rufe bakin ƙunshin da zafinsa.