Inda aka kwana a aikin tsara ɗakin kwantena

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin mai da kwantenar nan mai ƙafa 20 ɗakin zama ya kai. Cikinta tsawon mita 5.9 ne, faɗi mita 2.35, amma kada kowa ya yi lissafi da wannan faɗin. Ƙarfe tsirara ba ya zaunuwa a zafin Zariya na Maris da Afrilu, dole a lulluɓe bangon da soson tare zafi da falanki. Wannan ya ci santimita 5 a kowane gefe, saura mita 2.25.

An zana komai da alli a ƙasa kafin zarto ya taɓa katako, kuma hanyar wucewa aka fara zanawa, santimita 70, sannan kaya suka samu abin da ya rage. Wurin sallah ma an ware shi tun farko, santimita 70 a 120, yana fuskantar gabas ya ɗan karkata arewa.

Gado ne ya fi cin lokaci. Katifa mai ƙafa huɗu da rabi a shida tana da faɗin santimita 137, tsawo 183. In aka shimfiɗa ta bin tsawon ɗakin, fiye da rabin faɗinsa ya tafi. Sai aka gitta ta a ƙuryar kwantenar, aka samu rarar kusan santimita 35 a wajen ƙafa bayan kaurin katakon gadon, nan aka tsayar da siririyar kabad har silin. Ƙarƙashin gadon durowa biyu ne masu zurfin santimita 55, don haka gabansu ya zauna fili, in ba haka ba ba za su buɗu ba.

Falankin filawud da ake sayarwa ƙafa huɗu ne a takwas, wato santimita 122 a 244. Ku yanka kanta a faɗin 40 ko 30: uku ko huɗu za su fita cif, sauran santimita biyun bakin zarto ya cinye. Wanda ya zaɓi 45 zai tashi da gutsure mai yawa. Kanta mai kaurin milimita 18 kuma kada tsakanin madogaranta ya wuce santimita 80, musamman in jeren kwanukan uwargida za a ɗora, sai ta lanƙwashe a tsakiya.

Ƙofar ciki an mai da ta mai ja gefe, domin ƙyaure mai santimita 80 sai an bar masa wurin juyawa daidai faɗinsa. Matsalarta ƙura ce: da hunturu ya shigo sai layin ƙasa da ƙofar ke bi ya cika ya cije, shi ya sa layin sama ya fi.

Durowar da aka haɗa yanzu da rani a bar mata ratar milimita 3, don katako na kumbura da damina. Kada a huda bangon ƙarfe da sukuru, ruwa da tsatsa za su bi ramin. A ɗaura kabad a kan katakon da ke bayan falankin. Tukunyar gas kuwa waje za a yi mata keji, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba a ƙasan rufaffiyar kabad yake taruwa.

Saura taga ta biyu mai kallon ta farko. Sai mai walda ya kewaye ramin da ƙarfen kwana, tunda yanka bangon yana rage masa ƙarfi.