Gilashin LCD Ba Ya Shan Wuta Irin Ta LED

Ƙannena masu sha'awar haɗa na'urori, gilashi biyu na lalata kafin in gane abin da zan faɗa muku, kuma ba na so ku bi sawuna.

A ɗakina da ke Mabera, nan Sakkwato, na so in haɗa ɗan ma'aunin da zai riƙa nuna min ƙarfin batirin sola. Na ciro gilashin lambobi, wato LCD, daga wata tsohuwar mita, irin wanda sanduna 7 ke haɗa kowace lamba. Da yake hannuna ya saba da fitilun LED, sai na yi masa irin tasu: ƙafar da duk sandunan suka yi tarayya a kanta, wadda ake rubuta wa COM, na ɗaure ta a volt sifili, sandunan kuma na ba su volt 5 daga Arduino, ɗan allon nan da ake saka wa manhaja ya sarrafa na'ura. Lambobi suka fito tar, har na kira abokina ya gani. Ba a jima ba suka fara koɗewa, wasu sandunan suka bar tabo ko an cire wuta.

Gilashin LCD falle biyu ne da wani ruwa a tsakaninsu, kuma ruwan nan ba ya jure DC, wato wutar da ke bin gefe guda ba ta juyawa. Idan wuta ta daɗe tana tura shi gefe guda, sai ta cinye shi a hankali tare da siraran hanyoyin da ke jikin gilashin, kuma ba shi da gyara. Abin da yake so a riƙa juya masa ita: COM ta hau ta sauka, sau 30 zuwa 100 a daƙiƙa. Sandar da kake so ta bayyana, ka ba ta kishiyar abin da ke kan COM. Wadda ba ka so kuma, su hau tare su sauka tare, tunda ba bambanci a tsakaninsu sai ta ɓace. Guntun ICL7106, ɗan abin da ke sarrafa gilashin a cikin mitar da na farke, aikinsa ke nan tun farko, ni ne ban tsaya na duba ba.

Gilashi na biyu ya fi ci min rai, don a lokacin na riga na san wannan. Sai dai na sa juyawar a cikin babban zagayen manhajar. Wani dare manhajar ta maƙale tana jiran saƙon da bai zo ba, ƙafafun suka tsaya cak, gilashin ya daɗe yana shan DC ban sani ba. Ku ɗora juyawar a kan taima, wato agogon ƙirga lokaci da ke cikin maikirokontirola, ƙwaƙwalwar Arduino, ta riƙa katse aiki a kan lokaci, hawa da sauka su yi daidai wa daida. In za ku sa na'urar barci, ku fara mayar da COM da sandunan duka mataki ɗaya.

Gilashin kalkuleta kuwa yawanci COM ɗinsa ya wuce ɗaya, yana buƙatar matakan wuta na tsaka-tsaki. Kada ku wahalar da kanku, ku nemi guntun HT1621 da aka yi don sarrafa irin wannan gilashi, yana ɗaukar COM 4 da layin sanduna 32, wato sanduna 128.

Sai zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40. Gilashin da aka bari a rana yakan yi baƙi ƙirin, amma wannan ba mutuwa ba ce, ku kai shi inuwa ya huce kafin ku yanke masa hukunci. Nawa na uku yana nan a bango nesa da taga, taima na juya masa wuta sau 50 a daƙiƙa.