Jegona na Fari a Zariya

Da cikina ya shiga watan haihuwa aka mayar da ni gidanmu a cikin birnin Zariya, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, domin in yi wanka a gaban iyayena. A asibiti na haihu, an yi mini ƙari an ɗinke, kuma kafin a sallame ni malamar jinya ta ja ni gefe ta ce tunda jinina ya hau a ƙarshen cikin, in guji kanwa, in rage gishiri, kada kuma in yarda a yi mini wanka da tafasasshen ruwa. Na amsa mata da to, alhali na san gidan da zan koma an riga an tara itace, an kuma ajiye gero da kanwa tun kafin in fara naƙuda.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ciwo bai tafi tare da haihuwa ba. Duk lokacin da na sa yarinya a nono sai marata ta murɗa kamar naƙuda za ta dawo, kuma daga baya aka bayyana mini cewa tsotson ne yake sa mahaifa ta tsuke, domin mahaifar da nauyinta ya kai kusan kilo 1 bayan haihuwa tana buƙatar kimanin mako 6 kafin ta koma yadda take. Jinin biƙi ya fara da ja sosai, sannan ya koma fatsi-fatsi, ya yi ta raguwa a hankali. Zama a kan ɗinki azaba ne, shiga bayi kuma ya zama abin fargaba, har sai da na yawaita shan ruwa da cin gwanda da miyar ganye.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce ta ɗauki nauyin wankana safe da yamma. Tun kafin kiran assalatu nake jin motsinta a tsakar gida tana hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, sannan ta juye ruwan a baho, ta tsoma damin ganyen darbejiya, ta riƙa fyaɗa mini a baya da kafaɗu da ciki har tururi ya hana ni ganin fuskarta. Ba zan ɓoye ba, bayan wankan gaɓoɓina sukan saki, barci mai daɗi ya ɗauke ni. Amma zafin ruwan ya wuce kima, domin ina fitowa sai zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi, jiri ya kwashe ni. Da na ce, “Gwaggo, don Allah a ɗan sirka mini ruwan,” sai ta ce, “Ke 'yar nan, ɗanyen jiki gare ki. Idan sanyi ya shige ki yanzu, har tsufa kina fama da shi.” Tsakani da Allah take faɗa, kuma matar da ta bar gidanta ta zo tana tashi da asuba saboda ni ba wadda zan yi wa gardama ba ce.

Sai dai gargaɗin malamar jinya yana da tushe, kuma tushen a garin nan yake. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin Zariya tana gamuwa da wannan ciwo, kuma ya fi yawa a watannin zafi da damina. Sun danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana ɗauke da sinadari irin na gishiri mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, a daidai lokacin da take farfaɗowa daga nauyin ciki. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jinin masu ciki da rama da ƙarancin wasu sinadaran abinci, amma ga mai hawan jini irina ban ga dalilin ƙara wa zuciya kaya ba.

Mahaifiyata ce ta warware matsalar ba tare da an ɓata wa kowa ba. Ranar da zan koma a duba ni, sai ta roƙi Gwaggo ta raka ni, ta kuma ce in bar malamar ta yi bayani da bakinta. Malamar ta gaishe ta da ladabi, ta yaba wa hidimarta, ta auna jinina a gabanta, sannan ta lissafa mata alamomin da idan ta gani kada a kwana a gida: haki, tari idan an kwanta, kumburin ƙafa da fuska, matsanancin ciwon kai ko gani dishi-dishi, zazzaɓi, jini mai wari ko wanda yake zuba da yawa. Daga ranar Gwaggo ta koma gwada ruwan da gwiwar hannunta kafin in shiga, kunun kanwa ya koma kunun gyaɗa da na tsamiya, kuma ita da kanta take latsa ƙafata kullum ta ga ko yatsa zai lotsa. Ganyen darbejiya da farfesun ƙauri da yajin jego ba abin da ya taɓa su, aka ƙara mini da hanta da zogale da ƙwayoyin ƙarin jini. A ganina yawancin iyayenmu ba taurin kai ne da su ba. Abin da ba sa so shi ne a ce musu ba su san komai ba a kan aikin da suka shekara suna yi.

Abin da ya fi wanka wuya ya zo ne bayan suna, da baƙi suka watse gida ya yi tsit. Da magariba ta gabato sai ƙirjina ya cushe, in yi ta kuka ba tare da an yi mini komai ba. Ko yarinya ta yi barci ni ba na iyawa, sai in zauna ina kallon numfashinta ina tsoron zai tsaya. Rashin salla a kwanakin biƙi ya ƙara mini kaɗaici, domin abin da na saba fakewa a cikinsa ke nan, sai na koma ga zikiri da sauraren karatun Alƙur'ani. Na kasa faɗa wa kowa, saboda duk mai shigowa barka yake yi, kuma ina tsoron a ce ban gode wa Allah ba, ko a ce iska ce ta taɓa ni.

Mahaifiyata ba mai yawan magana ba ce, amma ta lura. Wani dare ta shigo ta ce, “Ba ni ita, ki kwanta. Idan ta nemi nono zan kawo miki.” Haka ta riƙa yi, kuma wannan barcin ya gyara ni fiye da yadda na zata. Likitar da na buɗe wa cikina ta ce saurin kuka a kwanakin farko ya zama ruwan dare, sauyin sinadaran jiki da gajiya ne ke kawo shi, kuma yakan wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, ko mace ta daina jin daɗin komai, to ciwon damuwa ne mai buƙatar kulawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irinsa yana samun kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kusa kashi 20. Ta ƙara da cewa idan mai jego ta fara ruɗewa, ko tunanin cutar da kanta ko jaririnta ya zo mata, a kai ta asibiti nan take. Nawa bai kai ga shan magani ba, amma ta sa na riƙa komawa muna magana, ta kuma nemi maigidana ya zo ya ji da kunnensa. Tun daga nan idan ya zo gaishe mu, bayan ya ɗauki 'yarsa sai ya zauna ya tambaye ni yadda na kwana, ya kuma jira amsa.

Da aka yi arba'in aka yi mini kitso da lalle aka mayar da ni ɗakina a Samaru, kowa yana ganin jego ya ƙare, amma jikina bai gama dawowa ba. Bayana yana ciwo, gashina yana zuba, kuma idan na yi tari mai ƙarfi fitsari yakan ɗan kufce mini, har sai da na ɗauki watanni ina yin atisayen matse tsokar ƙasan mara da aka koya mini. Na roƙi a bar mini ƙanwata ta zauna da ni, na ci gaba da zuwa awon jini har ya daidaita, kuma ni da maigidana muka zauna da likita a kan tazarar haihuwa, inda ta ba mu shawarar mu jira aƙalla shekara 2 kafin wani cikin.