Tsatsa a Hanyar Mai da Takardar Kiranye

Cikin takardun kiranye da kamfanonin ƙera motoci ke fitarwa, wato sanarwar a mayar da mota a gyara wani lahani da aka gano, waɗanda suka fi tsaya mini a rai tun da na shiga aikin duba motoci su ne na tsatsa a hanyar mai. Birki idan ya fara lalacewa, direba zai ji a ƙafarsa. Madaurin tanki kuwa, wato ƙarfen da ke riƙe tankin mai a ƙarƙashin mota, yana iya shekara goma yana ruɓewa, mai motar bai sani ba.

Abin da na fara ganewa shi ne inda tsatsar ke kamawa. Ba ta cika cin ƙarfen da iska ke bugawa ya bushe ba. Maɓoyarta tsakanin madauri da tanki ne, da ƙarƙashin 'yan maƙalan da ke riƙe bututun mai, da wuyan tanki a bayan taya, wuraren da laka ke taruwa ta riƙe danshi. A ƙasashen da ake zuba gishiri kan titi don narkar da ƙanƙara, lakar nan ruwan gishiri ce, kuma gishiri na hanzarta cin ƙarfe. Ga shi famfo ne ke tura fetur cikin bututun da ƙarfi, don haka huji kamar bakin allura ma feshi yake yi, kusa da salansa mai zafi. Nan gobara take tashi.

A 2011 kamfanin Ford ya yi kiranyen motocin a-kori-kura kimanin miliyan 1.1 a Amurka, galibinsu F-150, saboda madaurin tanki na iya tsinkewa tankin ya faɗo yana jan ƙasa. Wasu cikinsu ƙirar 1997 ne, wato sun shekara 14 kafin a kira su. Kiranyen kuma ya tsaya ne kan motocin da aka sayar ko aka yi wa rajista a jihohi 21 masu amfani da gishiri, haɗe da birnin Washington.

Wannan iyakar ce ta fi damuna. Na fahimci hujjar, tunda can ne haɗarin ya fi yawa. Amma mota ba ta zama wuri ɗaya. Ana sayar da ita hannu zuwa hannu, wani lokaci har ta ƙetare teku, tsatsar na tare da ita, wasiƙar gargaɗin kuwa ta tafi adireshin wanda ya rabu da ita tuntuni. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya sanar da NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra a titunan ƙasar, cikin kwanakin aiki 5 da gano lahani, ya kuma gyara kyauta idan motar ba ta wuce shekara 15 ba, sai dai wanda bai ji kiran ba ba zai kai motarsa ba.

Shi ya sa duk motar da aka kawo mini, nakan sa lambar shasinta mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar ko na kamfanin in ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Ko binciken ya fito fes, sai an ɗaga ta na haska, na kankare lakar da ke jikin madauri, na bi bututun da hannu. Idan mai ita ya ce yana jin warin fetur bayan ya cika tanki, nakan roƙe shi ya bar ta a gareji har mu gano inda take yoyo.