Laraba, ranar da kaskon garwashi ya kai mu asibiti

Sai yanzu bayan isha'i na samu na zauna, jikina duk a mace, amma gara in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Sanyin da ya sauko kwana biyun nan duk wanda ke nan gefen Wudil ya san shi, da daddare iska ke tasowa daga wajen kogi ta shiga har ƙashi. Matar Yaya kuma jego take, ba a daɗe da yin suna ba, Inna ce ke kwana da ita kamar yadda aka saba. Jiya bayan an gama wankan jego na yamma Inna ta hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ta tsaya tana fifita shi har hayaƙin ya gama fita ya koma garwashi jajir, sannan ta juye a kasko ta shiga da shi ɗaki ta ja ƙofa, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofar, tagar kuwa dama tun shigowar hunturu aka liƙe ta da buhu. Don jaririya ta yi, kar sanyi ya kama mata ƙirji, babu wanda zai ga laifinta.

Da asuba ba a ji motsin butar Inna ba, abin da bai taɓa faruwa ba, ita ce ma ke tada mu. Yaya ya yi sallama shiru, ya tura ƙofa. Inna na zaune a ƙasa ta riƙe kanta da hannu biyu ta yi amai a gefen tabarma, matar Yaya ta yunƙura za ta tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarta, maganarta ma ba ta fita daidai, jaririya kuma ta yi laƙwas, an ba ta nono ta ƙi kamawa. Kafin kace me gida ya cika da mata, wannan tace maleriya ce, waccan tace ai iska ce dama mai jego ba ta rabuwa da su, har wata dattijuwa ta aika a ɗebo wuta a yi musu hayaƙi a cikin ɗakin! Allah ya taimaka Yaya yace a'a Gwaggo, a fito da su waje tukunna. Muka shimfiɗa musu a tsakar gida duk da sanyin, ba a jima ba Inna tace kan ya fara sakinta, ni kuma na ruga na samo mai adaidaita sahu muka nufi asibiti.

Malamar asibitin da ta karɓe mu tana jin mutum uku ɗaki ɗaya lokaci ɗaya, kuma babu mai zazzaɓi a cikinsu, sai tace Baba, da wuta kuka kwana a ɗaki? Inna tace garwashi ne kawai 'yar nan, ko hayaƙi babu. Tace ai shi ne, Baba.

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai yini guda, don kusan kowa a garin nan haka ya ɗauka, cewa hayaƙi ne matsalar, in ya gama fita shikenan wutar ta zama lafiyayya. Ashe abin da ke kashe mutum wata iska ce daban da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari ba ta sa tari ko hawaye, kuma garwashin nan da ya yi ja ya yi shiru yana ta fitar da ita har ya mutu, in ɗaki a rufe yake ma sai ta ƙaru saboda wutar ba ta samun isasshiyar iskar da za ta ci da kyau. In ta shiga huhu sai ta kama jini ta zauna a gurbin oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita, kuma riƙon da take wa jinin ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200, to ka ga mutum yana numfashi amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke buƙata. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, wanda yake barci kuwa sai dai barcin ya ƙara nauyi ya zarce. Jarirai da masu ciki da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa, ka ga ɗakin namu na jiya har da jaririya da tsohuwa a ciki, innalillahi.

An sa musu oksijin dukansu. Malamar tace fito da su da aka yi shi ne daidai amma bai wadatar ba, don da iskar waje kaɗai sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da ɗan wani abu. Shi ya sa ko mutum yace ya warware a kai shi a duba shi.

Wajen azahar abokina mai haɗa sola ya zo dubiya, shi yana yawan aiki a gidaje a cikin Kano, ya nuna min a wayarsa wata 'yar na'ura girman tafin hannu da ake maƙalawa a bango, batir take amfani da shi ba ruwanta da wutar nepa, da zarar iskar nan ta taru a ɗaki sai ta dinga ƙara mai ƙarfi da za ta tada mai barci. A ɗakin kwana ake sa ta ko bakin ƙofarsa, ba a bayan labule ko bayan sif ba. Akwai maɓallin gwaji da za ka riƙa dannawa ka ji tana raye, kuma tana tsufa, shekara 5 zuwa 10 gwargwadon kamfani, ana rubuta ranar a bayanta, yace in ka ga wadda ba rubutun komai ka bar wa mai shago kayansa. Ya kuma ja kunnena cewa ba ita ce ke gane yoyon gas ɗin girki ba, wannan na'urarsa daban, ita ƙasa-ƙasa ake sa ta saboda gas ɗin silinda ya fi iska nauyi ƙasa yake kwanciya, shi aƙalla ma an sa masa wari da gangan don hanci ya ji. Risho ko gas in wutarsa ta daina shuɗi ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, shi ma alama ce ba ya ci daidai.

Na ba shi kuɗi ya taho mana da guda ɗaya daga Sabon Gari. Amma gaskiya ni ban ga na'urar a matsayin lasisin shiga da kasko ba, kuma mutum nawa ne a ƙauyen nan zai saya ana fama da kuɗin taki da na masara? Abin da ba ya cin ko sisi shi ne wuta ta kwana a waje. A ji ɗumi a tsakar gida, in za a kwanta a ƙara bargo, a sa wa jaririya hula da safa a manna ta da jikin uwarta. Janareta kuma shi ya fi ba ni tsoro, mutanenmu saboda ɓarayi suna shigar da shi soro ko lungun ɗaki su kwanta, alhali ƙa'ida ya kai kamar mita 6 daga gida kuma bakin salansa ya kalli nesa da taga. Buɗe taga kaɗan ba ya maganinsa.

An sallami Inna da yamma, matar Yaya da jaririya an ce su kwana a ga yadda za su tashi, ɗazu Yaya ya kira yace ta kama nono, alhamdulillah. A hanya Inna take ce min ita tun tana yarinya da wuta ake kwana a ɗakin mai jego ba ta taɓa ganin haka ba. Nace Inna ɗakunanku na da rufin ciyawa ne da asabari a ƙofa iska na ratsawa ta ko'ina, na yanzu siminti ne da silin da ƙofar ƙarfe, kuma wa ya san waɗanda aka wayi gari aka ce kwana ne ya ƙare ko aka ɗora wa aljanu? Ba ta ce komai ba har muka iso.

Bayan magariba na samu Liman na roƙe shi ya taɓo zancen ranar Juma'a, yace zai yi. Sai dai mata ne ke shiga da kasko kuma yawancinsu ba sa zuwa masallacin. Da na faɗa a gida Inna tace in bar mata wannan, akwai suna ranar Asabar a unguwar gabas, ita da bakinta za ta gaya musu.