Wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa

Daren nan a unguwar Yaba ta Legas, mawaƙan pop da nake ƙauna, waɗanda ba kamfanin da ke riƙe da su, suna tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi nan take, amma sauti shiru. Mikisar, wato na'urar haɗa sauti, ta dijital ce, sai ta sake kunnuwa kamar kwamfuta, ga shi ba a jona ta da UPS ba, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke. Mai kula da sauti ya kyauta, ya bar kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sai ƙarshe kada ƙarar farko ta fasa sifika.

Duk tsawon jiran mai ganga bai tsaya ba, ya dai sassauta hannu don a ji muryar mawaƙiyar, mu muka ɗauki amshi. Tsigar jikina ta tashi. Wallahi yaran nan sun sha atisaye, shi ya sa ba su ruɗe ba.