Shagon buga takardu a Aboabo da aikin haɗa CV

Shagona yana Aboabo, a cikin Kumasi. Muna kwafin takardu, muna ɗaukar hoton fasfo, muna cike wa mutane fom a intanet. Amma aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne CV, wato takardar tarihin karatu da aiki da ake neman aiki da ita, musamman idan masu bautar ƙasa sun kusa cika shekararsu, ko an ji labarin wata ma'aikata za ta ɗauki mutane.

Bugawar ba ta da wuya. Tambayar da ake yi kafin a taɓa kwamfuta ita ce aikin. Yaran zango da yawa suna zuwa da tunanin cewa aikin ofis kaɗai ake rubutawa, sai su ɓoye abin da hannunsu ya iya. Wani saurayi ya zauna gabana da takardar WASSCE, jarrabawar gama sakandare, a cikin leda, na ce, “Ɗana, tun da ka gama sakandare me kake yi?” Ya ce, “Ba komai, Baba, ina dai taya kawuna zama a shago.” Da na bi shi da tambaya, ashe shekara huɗu ya yi a shagon kayan gyaran mota a Suame Magazine. Shi ke riƙe littafin kaya, shi ke karɓar kuɗi ta waya, wato MoMo, shi ke zuwa Ankara, babban birnin Ghana, sayo kaya idan kawun bai da lafiya. Wannan ba zaman banza ba ne. Muka rubuta shi da sunan wurin, da shekarun, da abin da aka damƙa masa. Haka nake yi wa wadda ta koyar da yara a makarantar Islamiyya, ko wadda ta riƙe wa mahaifiyarta lissafin shago a kasuwar Kejetia.

CV da Turanci ake rubuta shi a Ghana, amma hirarmu da Hausa muke yi, domin a harshen gida ne mutum ke faɗin gaskiyar abin da ya iya. Kuma ba na barin kowa ya tashi ba mu jera harsunansa ba. Yaron da ke jin Hausa da Tuwi da Turanci, wataƙila da Larabci ko Dagbani, yana da abin da banki ko asibiti ke buƙata. Direban da ke hawa hanyar Paga zuwa Burkina, in yana ɗan jin Faransanci, a rubuta, tare da ajin lasisinsa na DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Takardar makaranta ta rubuta shi iri ɗaya, Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, ta rubuta shi wani iri, wani lokaci har ranar haihuwa ta bambanta. Mu a nan kowa yana da sunan yanka, da sunan uba, da wanda malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Mai ɗaukar aiki ba ruwansa da wannan tarihi. In ya ga saɓani, sai ya ajiye takardar gefe. Ina ce musu su je su yi takardar rantsuwa a gyara tun kafin a kira su ganawa.

Wanda ya fito daga makaranta yanzu, shafi ɗaya ya ishe shi. Lambar waya ta zama mai shiga, adireshin imel ya ɗauki sunansa na gaskiya. Waɗanda za su tsaya masa shaida kuwa, sai ya nemi izininsu tukuna. Muna tura wa mutum takardarsa a PDF, don hoton da aka ɗauka da waya aka aika ta WhatsApp yakan isa a karkace.

Akwai masu cewa in ƙara musu babbar difloma ta HND da ba su yi ba. Ba na yi, ko nawa za a biya, domin ana bincika takardu, kuma sunan unguwarmu ne ke ɓaci. Abin da nake yi shi ne ajiye fayil ɗin kowa a kwamfuta. Duk sanda aka tallata sabon aiki, sai ya dawo da sanarwar mu karanta tare, mu ɗaga abin da suka nema zuwa saman shafi kafin a aika.